Akushin da Goggo Ta Kai Wa Bature

A gidanmu na Unguwar Tudu, idan aka aiki yaro ya kai abinci maƙwabta, ba a ce masa ya dawo da kwano. Cewa ake, "Kada ka yi irin na Goggo." Da haka aka rene ni, kuma Allah ya yafe mini, ni ma na faɗa wa 'ya'yana, wani lokaci ma a gaban idonta. Goggo yayar mahaifina ce. Ta haura tamanin, mijinta ya rasu, ta dawo gida tana zaune a ɗakin da ke kusa da rumbu, ba ta da aiki sai jan carbi da gyara wa mutane magana.

Abin ya faru ne tun tana 'yar shekara tara ko goma. Wani bature ya sauka a garin yana yawon duba rijiyoyi, dagaci ya sa aka share masa wani zaure, aka ce gidanmu ne zai kai abincin rana. Kakata, wadda kowa ke kira Inna, ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka, ta zuba man shanu. Don kada a raina gidan, sai ta ɗauko akushinta na aure. Babba ne, baƙi wuluk, wani masassaƙi na garin Gammo ne ya sassaƙa wa mahaifiyarta, ita kuma ta ba ta ranar da za a kawo ta ɗakin miji. Ta rufe shi da faifai ta ɗora wa Goggo a ka.

To kowa ya san yadda ake yi. Baƙo ya ci abin da zai ci, a miƙo kwano, ɗan aike ya koma gida. Abincin ne kyauta, kwano na masu shi ne. Goggo ta ce ta tsuguna a bakin zauren tana jira. Bature ya cinye tuwo, ya juya akushin yana dubawa, ya yi mata murmushi, ya sa kukunsa ya wanke, ya naɗe a tsumma ya sa a akwati. Ba ta jin Turanci, kuma ko tana ji, wace yarinya ce za ta buɗe baki ta ce wa baƙo ba ni kwanona? Ta zauna har la'asar, mota ta tashi, ta dawo gida da faifai kaɗai.

Inna ba ta yarda ba, kuma hujjarta mai ƙarfi ce. Mutumin da ke cin abinci a tangaran da cokali mai yatsu, me zai yi da akushi? Ta ce ko dai yarinyar ta tsaya wasa ta manta shi, ko ta leƙa rijiya ya suɓuce mata. Har wani aka sa ya shiga rijiyar bakin hanya, ya fito da takalmi ƙafa ɗaya da tsohon guga. Goggo ta sha duka, sannan aka liƙa mata sunan mai sakaci da ƙarya, wanda ya fi dukan daɗewa a jiki. Baba yana ɗan shekara biyar lokacin, amma har ya yi furfura yana ba da labarin kamar a gabansa akushin ya faɗa ruwa. Duk ranar da aka ɗauko zancen, Goggo takan ce baturen ne ya tafi da shi, a kwashe da dariya, ita ma ta ɗan taya mu, sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Bara waccan 'yar ƙanwata ta tafi ƙasar Turawa karatun digiri na biyu. Wata Asabar sanyi ya kore ta daga titi, ta faɗa wani gidan adana kayan tarihi don kawai ta ji ɗumi. A nan ta ga wani akushi cikin akwatin gilashi, fitila na haska shi ta sama. Ta ɗauki hoto ta turo rukunin danginmu na waya, ta rubuta a ƙasa cewa an ga na Goggo. Wasa take yi, mu ma wasa muka ɗauka. Ni ne na kai wa Goggo wayar ranar Juma'a da na zo daga Kabo, inda nake koyar da tarihi a sakandare, kuma ba na ɓoyewa, tsokana ce ta kai ni.

Ta karɓa ta kai kusa da hanci, ta nisantar da ita, ta ce in ƙara wa hoton girma. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce in duba ko akwai tsaga a bakinsa da aka ɗinke da waya, ɗinki huɗu, na ukun a karkace, don maƙerin da ya yi aikin ido ɗaya gare shi. A hoton babu, wancan gefen yana baya. Na kira yarinyar ina dariya na ce ta koma ta zagaya akwatin. Washegari ta turo wani hoton ba tare da ta rubuta komai ba. Ɗinki huɗu ne, na ukun a karkace.

Na nemi wuri na zauna a bakin ƙofarta, na rasa inda zan sa idona. Ita kuwa ko a jikinta, ta ce in karanta mata 'yar takardar da aka liƙa a gefen akwatin. An rubuta wai ƙwarya ce ta bukukuwan sarakuna, mutanen wani ƙauye a yammacin Kano suka ba wani jami'i kyauta, magadansa kuma suka miƙa wa gidan tarihin. Maganar sarakuna ta ba ta dariya har da tari. Ta ce ita dai a saninta, sarkin da ya fi cin tuwo a cikinsa shi ne kakana, mai sayar da igiya a kasuwar Gwarzo. Amma da na zo kan kalmar kyauta, dariyar ta tsaya cak. Ta ce wa ya ba shi, a gaban wa?

'Yar ƙanwata ta yi mana bayani cewa a yanzu irin waɗannan gidaje suna cikin rigima a kan kayan da aka kwaso lokacin mulkin mallaka. Wasu na cewa a mayar wa masu su, wasu na cewa in an mayar wa zai kula da su, kuma wannan gidan har ofis ya buɗe na binciken yadda kowane abu ya shigo hannunsu. Ta rubuta musu. Ni da na saba rubuta wa ofisoshinmu takarda in ji shiru har in manta, na ce mata ta jira shekara. Cikin mako guda suka amsa, da doguwar wasiƙa mai ban haƙuri a kowane sakin layi. Suka ce sun ciro akushin sun ga ɗinkin, suna son magana da Goggo da kanta ta bidiyo. Ƙa'idarsu ita ce, in ya tabbata an ɗauki abu ba da yardar masu shi ba, kwamiti zai duba yiwuwar mayarwa.

Nan fa gida ya rikice. Mutanen da suka shekara saba'in suna cewa akushi na rijiya, kowa ya tuna cewa dama shi bai taɓa yarda da zancen rijiyar ba. Baba ne kawai ya cije, ya ce akushi ai akushi ne, kuma maƙerin nan mai ido ɗaya ba gidanmu kaɗai ya yi wa ɗinki ba. Yayana, wanda ke zaune a Gwarzo kuma siyasa ta shiga jininsa, ya zo da kansa ya zaunar da Goggo yana koya mata abin da za ta faɗa. Wai ta ce baturen ya zo da sojoji. Ta ce an nuna mata bindiga. In da hali ta yi ɗan kuka. Ni kuma, malamin tarihi, maimakon in hana shi sai na ƙara masa da dawakai. Shekara ashirin ina tsaye gaban allo ina zagin masu kwasar kayan mutane, ga shi yau Allah ya kawo mini nawa har gida, ina zan bari ya wuce? Goggo ta saurare mu har muka gaji, ta ce to.

Ranar maganar muka ɗauke ta zuwa gidan yayana a Gwarzo, don a Unguwar Tudu sai ka hau kan katanga kafin waya ta kama. Ta sa kayan da ta je Makka da su, ta fesa turare har motar ta ɗauka. Na ce mata ƙamshi ba ya bin waya, ta ce ai ba don ni ta fesa ba. Aka jingina wayar da fulas a kan tebur. Ni ne tafinta. A can ɓangaren ga wata baturiya mai gilashi, ta ɗaura ɗankwali don girmamawa, ya karkace ya rufe mata kunne ɗaya, ga 'yar ƙanwata zaune a gefenta.

Gaisuwa kaɗai ta ci mana kusan rabin lokacin. Goggo ta tambaye ta gida, da yara, da maigida, da sanyi, da gajiya, ni ina fassarawa. Matsalar ita ce baiwar Allah nan ba ta san lafiya lau ake cewa a wuce ba. Kowace tambaya sai ta tsaya ta yi tunani ta ba da amsa ta gaskiya. Da haka muka ji cewa sun rabu da mijinta, ɗanta ba ya kiranta, kuma gwiwarta ta hagu na damunta in sanyi ya shigo. Goggo ta tausaya mata ƙwarai, ta ce ta riƙa shafa man kaɗanya da ɗumi, batun miji kuwa ta yi haƙuri, duk haka suke. Yayana yana ta duba agogo.

Sannan aka zo kan magana. Matar ta ɗauko wani fom, ta tambaya ko an karɓi akushin da ƙarfi. Na fassara, na ɗan zungure ta da ido. Goggo ta ce a'a, mutumin kirki ne, da hannu ya ci tuwon, bai rage ko loma ba, har kansa ya sunkuyar mata. Ni kuwa na juya ga wayar na ce da Turanci wai ya zo da ƙarfin mulkin mallaka a bayansa, yarinya ƙarama ba ta da ikon musa masa. Ban rufe baki ba na ji muryar 'yar ƙanwata daga can.

"Kawu, ba haka ta ce ba."

Na manta sam cewa akwai wani mai jin harsunan biyu a duniya ban da ni. Goggo ta juyo ta dube ni, ta tambayi abin da na faɗa. Na ce ɗan gyara na yi. Ta ce tun ina yaro in an aike ni sayen gishiri nake dawowa da labari, in fassara abin da ta ce ko in ba wani wuri.

Matar ta tambaya ko to kyauta aka ba shi. Goggo ta ce wane irin mahaukaci ne zai ba da akushin auren uwarsa kyauta. Ko saya ya yi? A'a. To ke nan sata ce? Nan Goggo ta nemi tsari da Allah, ta gyara mayafi. Ta ce ita ba za ta kira baƙon da ya ci tuwon gidansu ɓarawo ba, balle ga shi ya mutu ba zai kare kansa ba. Yayana ya dafe kai. Ta ci gaba da cewa rashin sani ne kawai, an kai masa abinci ya ɗauka har da mazubin aka ba shi, ba a koya masa ba a gidansu. Wannan karon na fassara daidai, raina a ɓace.

Baiwar Allah ta dubi fom ɗinta, ta juya bayansa, ta ce gida huɗu ne a jiki: kyauta, ciniki, ƙwace, sata. Babu gidan da wannan zai shiga. Goggo ta ce ai biro na hannunta, ta zana na biyar.

Daga nan matar ta shiga bayanin abin da zai yiwu, tana yi tana ba da haƙuri. Ta ce tunda babu ƙwace babu sata, da wuya kwamiti ya yarda a mayar gaba ɗaya, amma ana iya ba mu shi aro na tsawon shekaru. Na fassara. Goggo ta sa na maimaita, don ta ɗauka kunnenta ne. Da ta tabbatar, ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, har da hawaye, tana tafa cinya. Ta ce a gaishe da kwamiti, a ce musu ta gode, amma ita ba ta saba aron kayan uwarta ba.

Saura kuma ɗaya, matar ta ce, kuma a nan muryarta ta yi ƙasa. A da can, don kada ƙwari su ci kayan katako, akan fesa musu guba, kuma gwaji ya nuna ta shiga jikin akushin. Ko ya dawo ba za a ci abinci a ciki ba, ba a ma taɓa shi sai da safar hannu. Goggo ta tambaya ko akwai mai shafa masa man shanu lokaci-lokaci, don in ba a yi ba bushewa yake ya tsage. Matar ta ce a'a, doka ta hana a shafa masa komai. Goggo ta gyaɗa kai kawai, ta ɗauko carbinta.

Ni ne raina ya ƙi ɗauka. Na jawo wayar gabana na ajiye aikin tafinta, na shiga jawabi da Turanci. Na faro tun daga zuwan Turawa, na bi ta kan haraji da aikin tilas, na ce sun ci tuwonmu sun sa wa kwanonmu guba sannan suna ba mu shi aro. Ban taɓa yin magana mai daɗi irin ta ranar ba, har yayana na cewa haka ne, haka ne. Sai da na kai ƙarshe ina haki na lura matar ba ta ƙifta ido ba tun ɗazu. Ashe layin ya yanke tun a minti na biyu, hotonta ne ya daskare. Goggo ta ce in na gama wa fulas wa'azi a mayar da ita gida.

Muka koma, na ɗauka magana ta mutu, kuma na ɗora wa Goggo laifi a raina. Da ta ce sata, da yanzu ana shirin ɗauro akushi. Na faɗa mata haka kuwa, don bakina ba ya riƙe abu. Ta ce ita ba akushin take nema ba, me za ta yi da kwanon da ba a ci a ciki? So take a san ba ƙarya ta yi ba. Na ce ai kowa ya sani yanzu. Ta nuna ɗakin Baba da haɓa, ta ce ban da wancan, kuma ko shi ba shi ne damuwarta ba.

Bayan wata biyu saƙo ya zo ta hannun 'yar ƙanwata. Matar ta ce kwamiti bai zauna ba tukuna, amma an cire tsohuwar takardar gefen akwatin, an sa wata da ke cewa abinci aka kai wa baƙo a cikinsa, shi kuma bai san ana mayar da kwano ba. Ta kuma shiga ɗakin ajiyarsu ta tono littafin da baturen ke rubuta abubuwan da yake gani kullum, ta turo hoton shafi ɗaya. Na je shagon kwamfuta a Kabo aka fitar mini da shi a takarda, na hau babur sai Unguwar Tudu.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta ce a kira Baba. Ya zo yana jan ƙafa, ya zauna a kan turmi, ya ce me kuma aka samo. Goggo ta ce in karanta, kuma kada in sa gishiri kada in sa yaji.

Rubutun ƙanana ne, a karkace, amma ana ganewa. Ya rubuta cewa ya duba rijiya uku, biyu na buƙatar gyara. An kawo masa abinci mai daɗi a cikin wata ƙwaryar katako kyakkyawa, kuma ya ji daɗin karamcin mutanen da suka ba shi ita. Sai ya ƙara da cewa yarinyar da ta kawo ta ƙi tafiya. Ta tsuguna a bakin ƙofa tun rana tsaka, ya ba ta biskit ta karɓa ta riƙe ba ta ci ba, ya yi mata alama ta tafi ta ƙi. Da motarsu ta tashi ta bi su da gudu har bayan gari. Ya ce ya kasa gane abin da take so.

Goggo ba ta taɓa faɗa mana ta bi motar ba. Ta ce in sake karantawa daga wajen yarinyar, na sake. Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan dattijon nan da gwiwa ke hana shi sallah a tsaye ya sauko daga kan turmi ya durƙusa a gabanta.

"Yaya, ki yafe mana."

"Tashi, kai yaro ne lokacin, abin da ka ji ka riƙe. Ku na yafe muku tuntuni."

Ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta shafa ta da tafin hannu, ta tambaye ni daidai ina ne aka rubuta ta bi motar. Na ɗora yatsanta a wurin. Ta bar shi nan, ta yi magana ba tare da ta dubi kowa ba.

"Ranar da Inna za ta rasu, ni ce a kanta. Ta kama hannuna ta ce, na yafe miki akushin nan. Na buɗe baki in ce ba ni na ɓatar ba, sai na ga numfashinta na fita da ƙyar. Sai na ce na gode, Inna."

Ta ninke takardar gida huɗu ta ƙulle a bakin zaninta, ta ture faifan waken gefe, ta dafa kafaɗata ta miƙe. Da ta shiga ɗaki ta ce in sakar mata labule.